Baba Yana So In Gaje Shi, Ikilisiya Kuwa Ta Soma Rabewa

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Mahaifina ne ya kafa ikilisiyarmu sama da shekara 30 da suka wuce. A gindin bishiya aka soma, yau muna da ginin majami'a da ƙananan rassa biyu. Ba ma ƙarƙashin wata babbar ɗarika, saboda haka babu hedkwatar da za ta turo mana fasto. Yanzu Baba ya tsufa, ido kuma ya soma ba shi wahala. Shekaruna 31, na gama makarantar Littafi Mai Tsarki shekara 2 da suka wuce. Baba ya gaya mini cewa ranar bikin godiyar kaka zai kira ni gaba ya ɗora mini hannu, bai kuma shawarci dattawa ba tukuna. Yana da mataimaki wanda ya yi shekara 14 tare da shi. Baba yana cewa Ele'azara ya gaji Haruna, Sulemanu ya gaji Dawuda. Masu goyon bayan mataimakin suna cewa Musa bai ba ɗansa ba, Joshuwa ya ba. Maganar ta fita, har wasu iyalai sun daina zuwa addu'ar Laraba, suna taruwa a gidan wani dattijo, baikon da suke ba ikilisiya ma sun riƙe. Mama tana kuka, tana cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. Ina jin kira a zuciyata, amma ina tsoron kada in zama sanadin rushewar abin da Baba ya gina. Me zan yi?

Wani ɗan'uwa cikin damuwa

Ɗana, salamar Ubangiji ta kasance tare da kai. Ka kwantar da hankalinka a kan abu ɗaya tukuna: son aikin nan ba laifi ba ne. Bulus ya gaya wa Timoti cewa mai burin kula da ikilisiya aiki mai kyau yake buri. Zamanka ɗan fasto kuma bai hana ka ba, bai kuma ba ka ba. Inda damuwar take shi ne hanyar da Baba ya zaɓa da ranar da ya zaɓa, kuma labaran Isra'ilan da ɓangarorin biyu suke jifan juna da su, in aka karanta su har ƙarshe, a kan hanyar suka fi yin magana.

Mu soma da Haruna, tunda shi ne hujjar Baba. Gaskiya ne, aikin firist gado ne a Isra'ila, Allah da kansa ya keɓe shi ga gidan Haruna. Amma dubi yadda aka yi gadon. Ele'azara ɗa na uku ne. Yayyensa biyu, Nadab da Abihu, sun mutu a gaban Ubangiji saboda sun kawo wutar da ba a umarce su ba, kana iya ganin wannan a Littafin Firistoci sura 10. Jinin Haruna bai cece su ba. Keɓewar firist ma ba aikin safiya ɗaya ba ce: an tara dukan jama'a a ƙofar alfarwar sujada, aka wanke Haruna da 'ya'yansa, aka sa musu tufafi, aka shafa jinin rago a kunnen dama da babban yatsan hannun dama da babban yatsan ƙafar dama, sannan suka zauna kwana 7 ba su fita ba. Ranar da Haruna zai rasu yana da shekara 123, a idon dukan jama'a suka hau Dutsen Hor su uku, Musa ya tuɓe wa Haruna tufafin ya sa wa Ele'azara. Ka lura da hannun da ya sa tufafin. Na Musa ne. Ko a inda gado yake doka, uba bai naɗa ɗansa shi kaɗai ba.

Ga kuma abin da ya fi wannan nauyi a gare mu Kirista. Wasiƙar Ibraniyawa sura 7 ta nuna cewa firistancin zuriya ya kai iyakarsa a kan Almasihu, wanda daga kabilar Yahuza ya fito, ba daga Lawi ba. Fasto ba ɗan Haruna ba ne, makiyayi ne kuma mai koyarwa. In ka buɗe 1 Timoti sura 3 da Titus sura 1 za ka ga an tambayi halin mutum, da aurensa, da yadda yake riƙon 'ya'yansa, da iya koyarwarsa, da yadda yake da kuɗi, har da shaidar da waɗanda ba 'yan ikilisiya ba suke ba shi. Ba a tambayi ko ɗan wane ne ba.

Waɗanda suke kafa hujja da Joshuwa su ma rabin labarin suka ɗauka. Gaskiya ne 'ya'yan Musa, Gershom da Eliyezer, cikin sauran Lawiyawa aka lasafta su. Amma Musa bai ce Joshuwa ya daɗe yana yi mini hidima, don haka kujerar tasa ce ba. A Littafin Ƙidaya sura 27, roƙo ya yi, cewa Allah ya naɗa mutum domin kada jama'a su zama kamar tumakin da ba su da makiyayi, Allah kuwa ya zaɓa. Daɗewa a bayan babba ba ta zama hakki ba: Gehazi ya yi wa annabi Elisha hidima, abin da ya samu a ƙarshe kuturtar Na'aman ce. Saboda haka shekara 14 ɗin mataimakin Baba shaida ce mai nauyi da dole a auna ta, amma ita ma ba takardar gado ba ce.

Abin da nake so ka riƙe daga labarin naɗin Joshuwa shi ne matakan da aka bi, domin su ne maganin matsalarku. An zaɓi mutumin da aka riga aka gwada: Joshuwa ya ja yaƙi da Amalekawa, ya lizimci alfarwa tun yana saurayi, yana cikin 'yan leƙen ƙasa 12 kuma yana cikin biyun da suka tsaya a kan gaskiya. An tsai da shi a gaban Ele'azara firist da dukan taron. An ba shi umarni a kunnen kowa. An danƙa masa wani sashe na ikon Musa tun Musa yana da rai, domin jama'a su saba da yi masa biyayya. Sannan aka ɗaure shi da wani: sai ya tsaya gaban Ele'azara, shi kuwa ya nemi nufin Allah ta wurin Urim, abin da firist yake neman shawarar Allah da shi. Ɗora hannu ɗaya ne kawai daga cikin waɗannan, kuma ya zo ne bayan magana ta riga ta fito fili. Shirin Baba ya ɗauki ɗora hannun ya bar sauran.

Sulemanu fa? Ka karanta wa kanka 1 Sarakuna sura 1 da 2 a zama ɗaya, za ka ga ba labarin da uba zai so wa ɗansa ba ne. Dawuda ya tsufa har ba ya jin ɗumi ko an lulluɓe shi, bai kuma fito ya faɗa wa jama'a wanda zai gaje shi ba. Ɗansa Adonija ya ga sarari, ya yanka tumaki da shanu a kusa da En-rogel, ya gayyaci Yowab shugaban yaƙi da Abiyata firist, ya ƙi gayyatar annabi Natan da Benaiya da Sulemanu. Biki ne mai hadaya da firist, ga alamar ibada, amma jerin waɗanda aka gayyata shi ya tona asirinsa. Sai da Batsheba, uwar Sulemanu, ta shiga ta ce idon Isra'ila duka yana kan sarki, sannan Dawuda ya sa aka ɗora Sulemanu a kan alfadarinsa aka gangara da shi Gihon, Zadok firist ya ɗauko ƙahon mai daga alfarwa ya shafe shi, aka busa ƙaho. An yi nasara, amma da tsada: Adonija da Yowab sun mutu, Abiyata kuma aka kore shi daga aikin firist zuwa gonarsa a Anatot. Littafin 1 Tarihi sura 28 da 29 ya nuna ɗaya fuskar, wadda ita ce abin koyi: Dawuda ya tara shugabannin Isra'ila duka, ya bayyana musu dalili, ya miƙa wa Sulemanu fasalin Haikali a rubuce, ya faɗa da bakinsa cewa ɗansa yaro ne marar gogewa kuma aikin babba ne, ya nemi su taimake shi. In Baba yana son bin Dawuda, wannan Dawudan zai bi.

Tsoron da dattawanku suke ji ma yana da tushe a Littafi, kada ka ɗauke shi a matsayin ƙiyayya. 'Ya'yan Eli firist, Hofni da Finehas, sukan aiki bara da cokali mai yatsa uku ya caka cikin tukunyar mai hadaya, har suka kai ga karɓar ɗanyen nama tun ba a ƙona kitsen ba, laifin Eli kuwa shi ne ya girmama 'ya'yansa fiye da Allah. Sama'ila, wanda a gidan nan ya tashi ya ga komai da idonsa, shi ma da ya tsufa sai ya naɗa 'ya'yansa Yowel da Abaija mahukunta a Biyer-sheba, suka shiga cin hanci, dattawa suka taru a Rama suka ce a ba su sarki. Ban ce kai Hofni ne ba, wasiƙarka ma ta nuna akasin haka. Abin da nake cewa shi ne, uba mai tsoron Allah yakan kasa auna ɗansa daidai, shi ya sa ma'aunin yake bukatar wasu hannuwa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka, wato addu'ar Laraba da ta rabu da baikon da aka riƙe. A Isra'ila, kusan duk rikicin gado a wurin sujada yake ƙarewa. Abimelek ɗan Gidiyon da azurfa 70 daga ɗakin Ba'al-berit ya yi hayar waɗanda suka taya shi kashe 'yan'uwansa. Bayan rasuwar Sulemanu, wajen shekara ta 930 kafin haihuwar Almasihu, ɗansa Rehobowam ya je Shekem, jama'a suka roƙi a rage musu nauyin aikin tilas, ya nemi kwana 3, ya yi watsi da shawarar dattawan da suka zauna da mahaifinsa ya bi ta tsararrakinsa, kabilu 10 suka balle. Yerobowam, wanda ya zama sarkin kabilun arewa da suka balle, bai soma da ƙin Allah ba, da lissafi ya soma: in mutanen nan suka ci gaba da hawa Urushalima yin hadaya, zuciyarsu za ta koma ga gidan Dawuda. Sai ya yi 'yan maruƙa biyu na zinariya, ɗaya a Betel ɗaya a Dan, ya naɗa firistoci waɗanda ba Lawiyawa ba, ya ƙago idi a rana ta 15 ga wata na 8. Ya sāke wurin sujada da masu jagorantarta da kwanan watanta, duk don ya riƙe kujera, kuma mulkin arewa bai rabu da wannan zunubi ba har Assuriya ta cinye Samariya wajen shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu. Iyalan da suke taruwa a gida ba Yerobowam ba ne, addu'a a gida ba laifi ba ce, amma riƙe baiko don a matsa wa wani lamba mai da sujada makami ne. Haka kuma ɗaukar ranar godiya, ranar da kowa ya zo da damin dawarsa da kazarsa don ya gode wa Allah, a mai da ita ranar da za a yanke hukunci a inda ba mai iya tashi ya ce a'a. Ɓangarorin biyu duk sun soma taka hanya ɗaya.

To ga abin da nake ba ka shawara ka yi, kuma cikin makon nan za ka soma, kada ka jira bikin ya matso. Ka sami Baba shi kaɗai, a lokacin da ya huta, ba bayan sujada ba kuma ba a gaban Mama ba. Ka soma da godiya, domin amincewar da ya yi maka abu ne babba. Sannan ka ce masa kana son aikin, amma kana so ka karɓe shi yadda Joshuwa ya karɓa, a gaban dattawa da jama'a, don kada gobe a ce ɗan Baba ta taga ya shigo. Ka roƙe shi ya janye maganar ranar godiya. In ka san ba zai ji daga bakinka ba, ka nemi wani tsohon fasto sa'ansa daga wata ikilisiya, wanda yake jin nauyinsa, ya zo su zauna. Akwai maganar da tsoho ba ya karɓa daga ɗan da ya haifa amma yana karɓa daga abokin tafiyarsa.

A zaman nan ka saurari abin da Baba bai faɗa ba. Mutumin da ya ba da shekara 30 ga ikilisiyar da ba ta da hedkwata sau da yawa ba shi da fansho, gidan da yake ciki ma wataƙila na ikilisiya ne. Kukan Mama yana iya zama tambayar ina za mu zauna, wa zai saya masa magani. In ɗansu ne fasto, an amsa tambayar ba tare da an yi ta ba. Dokar Musa ta yi wa Lawiyawa, masu hidimar alfarwa, tanadi: suna soma aiki da shekara 25, su sauka da shekara 50, amma suna ci gaba da taimakon 'yan'uwansu a alfarwa, ga ushiri, ga garuruwa 48 da aka ba su. Saboda haka dattawa su rubuta, kafin a taɓa maganar magaji, cewa Baba da Mama za su zauna a gidan har iyakar ransu ko a gina musu wani, ga abin da za a riƙa ba su duk wata, ga yadda za a ɗauki nauyin asibiti, ga matsayin da Baba zai riƙe na uba mai sa albarka da ba da shawara. Za ka yi mamakin yadda zafin maganar zai ragu in aka raba abincin tsoho da kujerar fasto.

Bayan haka ka je gidan mataimakin da ƙafarka, ka gaishe shi a matsayin yayanka a aiki. Kada ka yi masa alkawarin komai, kada kuma ka nemi ya yi maka. Ka gaya masa kawai cewa ba za ka karɓi naɗin da bai bi ta hannun dattawa ba, kuma duk wanda aka zaɓa za ka yi aiki da shi. Mutumin nan yana da nasa ciwon, shekara 14 yana jana'iza da ziyarar marasa lafiya, sai ya ji a bakin mutane cewa an gama magana. Haka za ka je wurin dattijon da ake taruwa a gidansa, ka faɗa masa abu ɗaya, ka roƙi su dawo addu'ar Laraba su kuma sako baikon.

Sauran aikin na majalisar dattawa ne. Su ɗauko tsarin mulkin ikilisiya su ga abin da ya ce a kan zaɓen fasto. In bai ce komai ba, ko babu shi ma, a rubuta ƙa'idar tukuna kafin a ambaci sunan kowa: wa ya cancanci tsayawa, wa yake da ƙuri'a, kashi nawa ake bukata. Ni ina ganin kashi 2 cikin 3 na masu baftisma, da ƙuri'ar asiri, ya fi rinjaye da ƙuri'a ɗaya ko biyu, wanda yakan bar rabin majami'a da ɗaci. A ba da wata 6 zuwa shekara guda, a raba wa'azi da ziyara tsakaninku, a sa ranakun azumi da addu'a. Kai da Baba da mataimakin ku fita daga ɗakin duk lokacin da ake tattauna sunaye. A gayyato fastoci biyu ko uku daga waje su zama shaidu. Lokacin da Dawuda ya raba firistoci kashi 24, 16 daga zuriyar Ele'azara, 8 daga ta ƙanensa Itamar, da kuri'a aka yi, magatakarda Shemaiya yana rubutawa a gaban sarki da shugabanni, babba da ƙarami duk hanya ɗaya suka bi. A cikin wannan lokaci kuma a karanta lissafin kuɗi a gaban jama'a, a duba sunan wa ke kan takardar fili, su wa ke sa hannu a banki, su wa aka rubuta amintattu in akwai rajista da hukuma. Sama'ila da zai sauka ya tsaya a gaban Isra'ila ya tambaya san wa ya ƙwace, jakin wa ya ɗauka, suka shaida bai ci na kowa ba. Wannan kariya ce ga sunan Baba, domin nan ne ikilisiyoyi irin taku suka fi zuwa kotu bayan mai kafawa ya kwanta dama.

In ka tambaye ni ra'ayina, shekara 2 bayan makaranta ta yi kaɗan ga wannan kaya, Bulus ma ya gargaɗi Timoti kada ya yi garajen ɗora wa kowa hannu. Hanyar da na fi so maka ita ce ka nemi a ba ka ɗaya daga cikin rassan nan biyu ka riƙe shekara 3 zuwa 5, inda za ka yi ɗaurin aure da jana'iza da sulhu da lissafin baiko ba tare da inuwar Baba ba, mataimakin ko wanda aka zaɓa ya riƙe babbar majami'a na wa'adin da aka rubuta. In rabuwar ta yi zurfi har ba ɗayanku da zai samu kashi 2 cikin 3, a nemi dattijon fasto daga waje ya riƙe na shekara guda. In kuwa bayan duk wannan jama'a suka zaɓe ka, ka karɓa ba tare da jin kunya ba, amma shekararka ta fari kada ka sauke kowa daga aikinsa, kada ka sāke tsarin sujada, kuma ka riƙe dattawan Baba kusa da kai fiye da abokan makarantarka.

Mai yiwuwa Baba ya ƙi ji, ranar ta zo ya kira sunanka daga bagade. Ka shirya wa wannan tun yanzu, kuma ka sanar da shi tun da wuri abin da za ka yi, don kada ya ji kamar ka kunyata shi. Ka tashi ka je, ka durƙusa, ka karɓi addu'arsa a matsayin albarkar uba ga ɗansa, wannan ba mai hana shi. In ka miƙe ka gode masa, ka faɗa a gajarce cewa maganar wanda zai riƙe ikilisiya ka bar ta a hannun dattawa da jama'a, za ka kuma bi abin da suka yanke. Kada ka ƙara komai a kai, kada ka zauna a kujerarsa, kada ka karɓi makulli ko littafin banki. Da yamma ka je gida ka ci abinci tare da shi da Mama, ko da ba wanda ya yi maka magana. Washegari ka rubuta wa magatakardan majalisar dattawa takarda mai ɗauke da abin da ka faɗa, ka sa kwanan wata da hannu, ka roƙi a kira zama cikin mako 2.